Tarihin Malama da Sawun Tagulla a Ƙwaƙwalwa

Haihuwa da asali

An haifi marigayiya, wadda ɗalibanta da maƙwabtanta har ma da mijinta suka sani da Malama, a shekarar 1948, a wani gari na 'yan kasuwa da ma'aikatan jirgin ƙasa, cikin gidan haya mai ɗaki biyu da ke bayan tasha. Mahaifinta mai naɗin waya ne. Idan injin fanka ko na famfon ruwa ya ƙone, shi ake kai wa ya warware tsohuwar wayar ya naɗa sabuwa. Mahaifiyarta kuwa tela ce, kekenta na ɗinki yana bakin taga tun kafin a haifi yaran har bayan da suka watse. Malama ce 'yar fari cikin 'ya'ya biyar, saboda haka tun tana ƙarama sunanta na yanka ya ɓace a gidan, kowa Yaya yake kiranta, har da iyayen da suka haife ta.

Shagon mahaifin nata ɗan tsukuku ne, benci ɗaya da teburi ɗaya, bangon kuma duk a rataye yake da ƙullin tagulla, wato jan ƙarfen nan da ake yin wayar lantarki da shi. A nan ta yi yarintarta, tana miƙa almakashi tana zuba tambaya. Wata rana ta tsinci guntun waya da ya daɗe a cikin laima ya koma kore, ta matsa wa mahaifin sai ya gaya mata dalili. Shi kuma ya ce mata, "Yaya, ni naɗawa na iya, ban iya amsa tambaya ba. Je ki makaranta, can ake biyan mutane su amsa."

Karatu

Ta shiga makarantar firamare a shekarar 1955, ta wuce sakandaren 'yan mata ta kwana a 1961, inda ta yi fice a lissafi da kimiyya, ta kuma yi ƙaurin suna wajen tsayar da malami a bakin ƙofa bayan an buga ƙararrawa. A shekarar 1967 ta samu gurbi a jami'a domin nazarin kimiyyar sinadarai, a lokacin da matan da ke ajin ba su wuce a ƙirga su da yatsun hannu ɗaya ba. Mahaifiyarta ce ta ɗinka mata farar rigar ɗakin gwaji da hannunta, ta kuma yi mata aljihu har uku, tana cewa mai yawan tambaya ba ta rasa abin ɗauka.

Ciwon Gola

Mai bi mata namiji ne, an haife shi a shekarar 1951, kuma da yake shi ke tsaron raga a ƙungiyar ƙwallon unguwa, Gola ne sunan da ya bi shi. Yaro ne mai albarkar hannu. Ƙwallo ba ta wuce shi, rubutunsa kuma malamai kan ɗaga shi su nuna wa aji. A shekarar da yayarsa ta tafi jami'a rubutun nan ya fara lalacewa, ya ƙanƙance ya karkace kamar sawun kaza a yashi. Daga nan hannun dama ya soma rawa duk sa'ad da ya miƙa shi zai ɗauki kofi. Harshensa ya yi nauyi, yawu ya riƙa zubo masa, fuskarsa ta daskare da wani murmushi wanda ba na farin ciki ba, kuma yaron da bai taɓa ɗaga wa uwarsa murya ba ya koma mai jifa da kwano.

Kowa ya kawo tasa fassarar. Shugaban makarantarsu ya ce shaye-shaye ne, ya kore shi. Maƙwabta suka ce taɓin hankali ne, suka fara janye yaransu idan ya fito ƙofar gida. Bayan an gaji da yawon neman magani, a shekarar 1969 aka kwantar da shi a sashen masu taɓin hankali na babban asibiti.

Duk hutun da Malama ta samu a gefen gadonsa take yinsa. Wata rana da hantsi tana ba shi abinci da cokali a bakin taga, rana ta haske masa fuska, sai ta ga wani siririn zobe mai launin zuma da ɗan kore-kore ya kewaye baƙin idonsa, daidai inda baƙin ya haɗu da fari, kuma a duka idanun biyu.

"Gola, wa ya sa maka zobe a ido?" ta ce da shi cikin wasa.

Ya daɗe yana kokawa da harshensa kafin magana ta fito. "Yaya, ni ba mahaukaci ba ne."

"Na sani."

"To ki gaya musu."

Ta gaya musu. Ta gaya wa ma'aikaciyar jinya, ta tare likitan da ke zagaye ta ambata masa zoben. Likitan, wanda shi kaɗai ne a kan ɗaki cike da majinyata, ya ce zai duba, bai kuwa samu dubawa ba. Gola ya rasu a shekarar 1970 yana da shekara goma sha tara, cikinsa a kumbure, gaɓoɓinsa a sandare, ba tare da kowa ya san sunan abin da ya kashe shi ba.

Aiki a asibiti

Ta kammala digirinta na farko a 1971, ta kama aiki a ɗakin gwaje-gwaje na wani asibitin koyarwa a babban birni, tana auna sukari da gishiri a jinin majinyata. A shekarar 1973 aka yi taron ƙara wa juna sani na ma'aikata, inda wani matashin likitan ido, dogo mai yawan barkwanci, ya riƙa haska hotunan idanu a bango da majigi. Da ya zo kan wani hoto, Malama ta miƙe tsaye ba ta sani ba, har kujerarta ta kife. Zoben Gola ne a bangon, da launinsa da komai.

Ana tashi ta tare shi a baranda. Ya yi mata bayani cewa jikin ɗan Adam yana buƙatar ɗan mitsitsin tagulla, kuma daga abinci yake samunta. Hanta ce ke karɓa, ta raba wa jiki abin da yake bukata, ta zubar da saura ta cikin maɗaciya. Amma akwai waɗanda ake haifa hantarsu ba ta iya zubarwa, sai tagullar ta yi ta taruwa shekara da shekaru, ta ci hantar, ta malala zuwa ƙwaƙwalwa, ta bar wannan alama a ido.

"Likita, cutar tana da magani?"

"Tana da shi. Ƙwaya ce, kullum ake sha, tana kamo tagullar ta fitar da ita ta fitsari."

"Tun yaushe?"

"An fi shekara goma sha biyar da samo ta."

Ta yi lissafi a zuci. Tun Gola bai shiga firamare ba maganinsa yake duniya. Likitan ya ga ta jingina da bango, ya bar barkwanci, ya je ya ɗebo mata ruwa.

A ƙarshen makon ta hau jirgi zuwa gida, ta iske mahaifinta a shago da injin fanka a cinya. Ta zauna a benci ta ce, "Baba, na san abin da ya kashe Gola. Tagulla ce ta taru a jikinsa."

Tsohon ya ajiye aikin, ya juya tafin hannunsa yana kallo. "Ta shagon nan? Yaron nan ya sha zama yana taya ni warware waya. Ashe ni ne?"

"A'a, Baba. Ko a gona ya tashi haka za ta faru. Ta cikin abinci ce, wadda kowa ke ci. Jikinsa ne bai iya fitar da ita ba, kuma da haka aka halicce shi."

"To, ba hauka ba ne ke nan."

"Ba hauka ba ne, Baba."

A ranar ya rufe shago tun rana na tsaka, ya sa rigarsa ta fita unguwa, ya bi gidajen maƙwabta ɗaya bayan ɗaya, har gidan tsohon shugaban makarantar, yana sallama yana cewa, "Na zo in shaida muku ɗana ba mahaukaci ba ne, ba kuma mashayi ba ne. Ciwon hanta ne ya taɓa masa kai." Daga bisani Malama ta kwashi ƙannenta uku zuwa birni aka duba su, aka same su lafiya.

Aure da iyali

Shekara guda ta yi tana zirga-zirga zuwa ɗakin likitan idon da tambayoyi, har wata rana ya ce mata tambayoyinta sun fi ƙarfin lokacin aiki, sai dai su ƙarasa a gida, in ta yarda, har ƙarshen rayuwa. Da manya suka zauna maganar aure, sai aka gano cewa kakarsa ta wajen uwa da kakanta na wajen uba uwarsu ɗaya ubansu ɗaya, neman abinci ne ya raba su tun suna matasa. Dangi suka yi ta murna, ashe jini ɗaya ne. Su biyun kuwa suka kalli juna, domin sun san cewa cutar sai an gaje ta daga uwa da uba gaba ɗaya take bayyana, kuma jini ɗaya yana ƙara kusanto da ita. Sun tattauna ba ɓoye-ɓoye, suka yanke shawarar yin auren, da sharaɗin duk ɗan da Allah ya ba su ba za su ɗauke ido daga kansa ba. An ɗaura auren a shekarar 1974.

Allah ya albarkace su da 'ya'ya huɗu: namiji a 1975, mace a 1977, namiji a 1980, da auta mace a 1985. Ta biyun ita ce ta cika gidan da surutu tun kafin ta iya tafiya, har mahaifinta ya raɗa mata Aku, sunan ya kuma zauna daram.

Daga shekarar 1981 zuwa 1984 Malama ta tafi wata ƙasa mai nisa da tsananin sanyi domin digirin digirgir a kan yadda hanta ke sarrafa tagulla. Likita ya riƙe yara uku tare da taimakon surukarsa, ya koyi wanka da shiri da raka makaranta, ya kuma gwada koyon kitso, sai dai wanda ya yi wa Aku malamar ajinsu ce ta tausaya ta warware ta sake.

An ce wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma sai ya gudu. Duk dogon hutu sai an jera yaran a ɗakin duba marasa lafiya na mahaifinsu, kowa ya ɗora haɓa a kan na'ura a haska masa ido. Yaran sun ɗauki abin wasa, har suna faɗa a kan wanda zai fara.

Shekarar 1990 da abin da ya biyo baya

A hutun shekarar 1990, wata Asabar da rana, layi ya zo kan Aku, tana da shekara goma sha uku. Ta ɗora haɓa tana ba da labarin wata ƙawarta, tana cewa, "Abba, ka ce minti ɗaya, wuyana ya gaji." Mahaifin ya gyara hasken na'urar. Ya duba dama, ya duba hagu, ya sake komawa dama. Sannan ya ce, ba tare da ya ɗago ba, "Malama, zo ki duba mini wani abu."

Bai taɓa kiranta ta duba ba. Ta ajiye jakar hannunta, ta sa ido a na'urar, ta ga abin a saman baƙin idon, siriri kamar jinjirin wata, bai riga ya zama zobe ba. Nan take ta tuna cewa a zangon da ya wuce malamai sun yi ƙorafi rubutun yarinyar ya lalace, ita kuma ta ɗora laifin a kan surutu. Ta miƙe ta shafa kan 'yarta ta ce, "Sauko, uwata, kin gama." Gwajin jini da na fitsari suka tabbatar da abin da idanunsu suka gani.

Aka fara magani ba tare da ɓata lokaci ba. Amma maganin da ke kamo tagulla yakan tayar da ita daga inda ta kwanta kafin ya fitar da ita, kuma a wasu majinyatan abin yakan tsananta kafin ya lafa. Aku tana cikin waɗannan. Kafin shekara ta juya hannayenta sun kama rawa, cokali ya gagare ta, harshe ya yi nauyi, har magana ta ɗauke gaba ɗaya. Gidan ya yi tsit kamar an yi ƙaura. Ƙannenta suka koma yin raɗa a tsakar gida ba wanda ya sa su.

Wata safiya, bayan an kwashe yara zuwa makaranta, Likita ya tsaya a ƙofar kicin da kwalbar maganin a hannu. "Malama, mu tsayar da abin nan. Da ƙafarta ta shiga ɗakina, da bakinta. Dubi yadda muka mayar da ita."

Ta daɗe tana goge kofin da ya riga ya bushe. "Likita, in muka tsayar, na san inda hanyar take ƙarewa, na taɓa binta har ƙarshe. Wannan kuwa ban san ƙarshenta ba. Saboda haka ita zan bi."

"In kuma ba ta sake magana ba fa?"

"Sai mu yi mata maganar. Ai ta yi mana ta shekara goma sha uku, tana binmu bashi."

Ya yi dariyar da ta fi kuka ciwo, ya ajiye kwalbar a kan teburi. Tare da wata likitar yara abokiyar aikinsu suka rage yawan maganin, daga baya suka sauya shi da wani mai sauƙi, suka haɗa da ƙwayar zinki wadda ke hana hanji ɗaukar sabuwar tagulla daga abinci. Malama da kanta take ɗaukar fitsarin 'yarta zuwa wurin aiki ta auna, da kanta take yi mata wanka, ta zauna gabanta tana karanta mata littattafan aji don kada a wuce ta. Watanni suka shuɗe ana ganin sauƙi a takardar gwaji ba a gani a jiki.

A ƙarshen shekarar 1991, ana karin kumallo, ƙanen Aku ya miƙa hannu ya ɗauke mata kofi, kamar yadda ya saba tun da ta daina iya hanawa. Sai aka ji wata murya mai kauri, a hankali, kalma ɗaya bayan ɗaya: "Ɓarawo. Kofina ne." Yaron ya saki kofin, shayi ya malale a teburi, ba wanda ya kula. Likita ya tashi ya ce bari ya duba mota, ya fita, ya daɗe bai dawo ba, alhali motar lafiyarta ƙalau. Malama ta zauna inda take, ta sake cika kofin, ta tura wa mai shi. Aku ta koma makaranta a shekara mai zuwa da ɗan jan harshe da 'yar rawa a hannun hagu, waɗanda ba su rabu da ita ba, amma surutu ya dawo har da riba.

Bincike da koyarwa

Tun dawowarta daga karatu Malama take koyarwa a jami'a, tana kuma bincike a wani ɗaki mai taga ɗaya da ke ƙarshen baranda, tsakanin firiza mai gurnani da kejin ɓeraye. Abin da take nema shi ne furotin ɗin da ke ɗaukar tagulla a cikin ƙwayoyin hanta ya kai ta ƙofar fita. Ta kan gaya wa ɗalibanta cewa jiki ba ya barin tagulla ta yi yawo ita kaɗai, kullum a hannun ɗan dako take, wannan ya karɓa a ƙofa, ya miƙa wa wancan, wancan ya kai inda ake bukata. Idan ɗan dako ɗaya ya gaza, kayan ya zube a hanya, sai tagullar ta haɗu da iskar da muke shaƙa ta haifar da wasu ɓurɓushi masu cin duk abin da suka taɓa, kamar yadda tsatsa ke cin ƙarfe. Ƙwaƙwalwa kuwa ta fi kowace gaɓa shan iska, kuma ƙwayoyinta in sun mutu da wuya a samu madadinsu. Abin da ya fi ba ta mamaki, ta kan ce, shi ne sinadarin da jiki ke amfani da shi wajen kashe wannan tsatsar shi ma sai da tagulla yake aiki. Dafin da makarinsa a tulu ɗaya suke, ɗan dako ne kawai ke raba su.

A shekarar 1993 wasu masana a ƙasashen da suka fi ƙarfin kayan aiki suka gano ƙwayar gadon da ke samar da wannan ɗan dako, abin da ta shafe kusan shekara goma tana lalube. Ɗalibanta suka shigo jiki a sanyaye, suna tsammanin za su iske ta cikin ɓacin rai. Suka same ta ta dafa shayi ta jera kofuna, ta ce su zauna ta karanta musu rahoton da babbar murya. Da wani ya ce an riga su, sai ta ce, "Ɗana, in gida na ci da wuta, ba a tambayar guga na wa ya fara isa."

An ɗaga ta zuwa matsayin farfesa a shekarar 1996, amma sunan bai kama ta ba, Malama dai kowa ya ci gaba da cewa. A wannan shekarar ita da mijinta suka buɗe zaman duba marasa lafiya na ranar Alhamis, suka kuma bi sassan masu taɓin hankali na asibitocin da ke kewaye suna roƙon abu ɗaya: duk matashin da aka kawo da rawar hannu da sauyin hali, a haska idonsa kafin a yanke masa hukunci. Ba kowa ya saurare su ba. Waɗanda suka saurara sun riƙa turo matasa jefi-jefi, wasu a kan lokaci, wasu bayan an makara, kuma Malama ta zauna da iyayen kowannensu.

Jinyar maigida

A shekarar 2003 ta lura da ɗan yatsan Likita na dama yana motsi shi kaɗai idan ya ɗora hannun a gwiwa. Shi ma ya lura, kuma a makon nan ya ajiye aikin tiyata da kansa, yana cewa idon mutane ba wurin gwaji ba ne. Ta ɗebi jininsa ta auna tana addu'ar Allah ya sa cutar da ta sani ce, mai magani. Ba ita ba ce. Cutar karkarwar nan ce ta manya, wadda ke kashe wasu ƙwayoyi a can tsakiyar ƙwaƙwalwa sannu a hankali, ana rage mata kaifi da magani amma ba a tsayar da ita.

Daga nan ta juya akalar bincikenta zuwa ga cututtukan ƙwaƙwalwa na tsufa, domin masana sun fara ganin alamun wannan tsatsar a cikinsu, da kuma rikicewar rabon tagulla, wani wuri ta yi yawa, wani wuri ta yi kaɗan. Ko rikicewar ce ke kawo cutar, ko cutar ce ke kawo rikicewar, ba ta samu amsa ba, kuma ba ta taɓa yin kamar ta samu ba. Duk takardar da ta wallafa a wannan zamani da "ba mu sani ba tukuna" take rufe ta, ta wata siga ko wata. Likita kuwa ya riƙa miƙa mata hannu tana ɗibar jini yana cewa, "Duk ɓerayenki ni na fi su biyayya, kuma ni kaɗai nake cewa na gode."

Da tafiya ta fara gagararsa, ƙafa ta riƙa manne masa a bakin ƙofa, sai ta gano cewa in ta tsaya gabansa tana tafa hannu yakan bi sautin ya taka. Haka maƙwabta suka saba ganinsu da la'asar a kan titin unguwa, farfesa tana tafiya da baya tana tafi, likita yana biye da ita yana ƙorafin ta cika sauri. Da hannunsa ya daina riƙe reza ita ta koyi aski. Da muryarsa ta dusashe ta koma ba mai jinta sai Malama, ita ce ta zama mai fassara tsakaninsa da jikokinsa, har yana zarginta da tace masa barkwanci. Wata rana ta ce masa ta ji kunya, shekara da shekaru tana wannan aiki ba ta samo masa komai ba. Ya jawo hannunta da nasa mai rawa ya ce, "Kin samo mini Aku. Ni ai na ci rabona." Ya rasu a shekarar 2013, a gida, a ɗakinsu, tana zaune a gefensa.

Ritaya da rasuwa

Ta yi ritaya daga jami'a a shekarar da mijinta ya rasu, amma ba ta bar zaman ranar Alhamis ba sai a 2019, lokacin da gwiwoyinta suka ƙi hawa bene. Daga nan ɗalibanta na da, waɗanda da yawansu sun zama shugabannin sassa, suka riƙa zuwa gida da sakamakon gwaji da tambayoyi, ta zaunar da su a falo ta gyara musu aiki da jan biro kamar 'yan aji ɗaya. Hankalinta bai gushe ba har ƙarshe, sai dai zuciya da ta yi rauni.

Allah ya yi mata rasuwa a shekarar 2022, da safiyar wata Talata, tana da shekara saba'in da huɗu, bayan gajeriyar jinya a asibitin da ta fara aiki. An yi mata sutura a gidanta, aka sallace ta, aka binne ta a maƙabartar unguwa kusa da mijinta. Cikin masu rakiya an ga wasu mutane da dangi ba su san su ba, direba da malamin makaranta da mai sayar da kayan gini da wasunsu, kowanne ya zo daga nesa ba tare da sanin ɗan'uwansa ba. Da aka tambaye su alaƙarsu da marigayiya, amsarsu ɗaya ce: su 'yan Alhamis ne.

Ta rasu ta bar ƙanne biyu, da jikoki goma sha ɗaya, da 'ya'yanta huɗu: babban ɗanta, injiniyan gadoji, na uku, malamin lissafi a sakandare, autarta, likitar yara, sai Aku, mai gabatar da shirin hira a gidan rediyo, uwar 'ya'ya uku, wadda har gobe take shan ƙwayarta kafin cin abinci. A ranar zaman gaisuwa wata tsohuwa, ƙanwar marigayiyar, wadda ta ga yadda Gola ya tafi yana saurayi, ta kama fuskar Aku da hannu biyu, ta ga furfura ta fara fito mata a goshi, ta daɗe tana kallo, sannan ta ce, "Alhamdu lillahi, ke kam kin tsufa."

Allah ya jiƙan Malama, ya haskaka makwancinta, ya sa abin da ta koyar ya ci gaba da isa ga waɗanda ba ta sani ba.